Drumlin: Ma'ana da asalin sunan tuddan da ƙanƙara ta bari

Drumlin suna ne da masana ilmin ƙasa suke kiran wani irin tudu mai tsawo da sulɓin baya, wanda ƙanƙara mai tafiya ta ƙera a ƙarƙashinta, ta kuma bar shi a fili bayan da ta narke.

Ana samun irin waɗannan tuddai dubbai a arewacin Turai da arewacin nahiyar Amurka, wato yankunan da ƙanƙara ta lulluɓe kimanin shekaru dubu 20 da suka wuce.

Akasarin kalmomin kimiyya dai daga Latin ko Girkanci aka ƙirƙiro su. To amma wannan kalma daga bakin manoman tsibirin Ireland ta fito, kuma tushenta ba ya nufin komai illa gadon baya.

Manoman da suka raɗa sunan siffar tudun kawai suka duba. Ba su ce komai ba game da abin da ya samar da shi. Wannan ne ya sa sunan ya ɗore kusan shekaru 200, alhali bayanan da masana suka yi ta bayarwa kan asalin tudun suna sauyawa.

Yadda tudun yake

Idan aka hango shi daga sama, drumlin ya yi kama da cokalin da aka kife, ko kuma rabin ƙwai da aka raba a tsaye aka ajiye a ƙasa.

Bisa bayanin da aka saba gani a littattafai, gefensa ɗaya yana da tsayi da wuyar hawa, ɗayan kuwa yana gangarawa sannu a hankali har ya tsuke kamar wutsiya. Gefen mai tsayi shi ne yake fuskantar inda ƙanƙarar ta fito, wutsiyar kuma tana nuna inda ta dosa.

Wannan ya saɓa da jigawar yashi ta hamada, inda gefen da ke fuskantar iska ne mai sauƙin hawa. Amma amfaninsu ɗaya ne ga mai lura: kamar yadda jigawa take nuna hanyar iska, haka drumlin yake nuna hanyar ƙanƙara.

Cikin tudun yawanci cakuɗen laka ne da yashi da tsakuwa da manyan duwatsu, babu wani tsari, tamkar yadda ƙanƙarar ta niƙo su ta zubar. Wasu kuma fa ne a tsakiyarsu, laka ta rufe shi.

A shekarar 2009, Farfesa Chris Clark na Jami'ar Sheffield da abokan aikinsa sun wallafa sakamakon awon tuddai fiye da dubu 37 a Birtaniya. Sun gano cewa akasarinsu tsawonsu yana tsakanin mita 250 zuwa 1,000, faɗinsu kuma tsakanin mita 120 zuwa 300. Matsakaicin tsawo mita 629 ne, wato kusan ninki uku na faɗin. Tsayinsu kuwa ba ya cika wuce mita 40 zuwa 50.

Da wuya a ga drumlin shi kaɗai. Suna zuwa ne garke-garke, ɗaruruwa ko dubbai, duk sun fuskanci waje ɗaya kamar kunyoyin gona. Malaman labarin ƙasa na Turai kan kamanta irin wannan fili da kwandon ƙwai.

Tushen kalmar

A harshen Irish, wanda masu shi suke kira Gaeilge, akwai kalmar "droim", a tsohon rubutu kuma "druim". Ma'anarta ta farko ita ce bayan mutum ko na dabba. Daga nan aka ari kalmar aka ba duk wani dogon tudu da ya miƙe kamar gadon bayan saniyar da ke kwance.

Wannan aro ba baƙon abu ba ne ga mai jin Hausa, domin kuwa ana cewa bakin kogi, da gindin dutse, da kan tudu, da doron ƙasa. Sai dai kamannin da ke tsakanin "droim" da "doro" dace ne kawai, harsunan biyu ba su haɗa dangi ba. Haka kuma kalmar ba ta da wata alaƙa da "drum" ta Turanci mai nufin ganga.

Babu saɓani tsakanin masana harshe a kan gaɓar farko ta kalmar. Inda suka rabu shi ne gaɓa ta biyu, wato "lin".

Wani ɓangare yana ganin cewa kalmar gaba ɗayanta daga "droimnín" ta fito. A harshen Irish, ana liƙa ɗafin "ín" a ƙarshen suna don a ƙanƙanta shi, aikin da "ɗan" da "'yar" suke yi a Hausa. Alal misali, "bóthar" hanya ce, "bóithrín" kuma 'yar siririyar hanyar ƙauye. Bisa wannan ra'ayi, da kalmar ta shiga bakin masu Turanci sai harafin "n" na tsakiya ya koma "l".

Ɗaya ɓangaren, wanda ya haɗa da wasu manyan ƙamusoshin Turanci, yana cewa kalmar ruwa biyu ce: kanta na Irish, wutsiyarta ta Turanci. A cewarsu, "lin" gutsure ne na ɗafin "ling", wanda shi ma ƙanƙantawa yake yi, kamar a "duckling", wato ɗan agwagwa.

Ko wanne aka ɗauka dai ma'anar ba ta sauya ba: ɗan gadon baya, ko ɗan tudu. Haka kuma duka bayanan biyu suna nuni ga wuri ɗaya, wato arewacin Ireland, inda harshen Irish da Turanci da harshen Scots na baƙin da suka zo daga Scotland a ƙarni na 17 suka daɗe suna cuɗanya a kasuwa da gona.

A cikin sunayen garuruwa

Tun kafin masana su san da ita, kalmar "droim" ta cika taswirar Ireland. Masanin sunayen wurare P. W. Joyce, wanda littafinsa ya fito a 1869, ya ƙiyasta cewa sunaye fiye da dubu biyu ne a tsibirin suke farawa da Drum ko Drom ko Drim.

Dromore na nufin babban tudu. Dundrum na nufin ganuwar kan tudu. Drumcondra unguwa ce a birnin Dublin. A Scotland ma, inda ake da harshen Gaelic ɗan uwan Irish, akwai ƙauyen Drumnadrochit a gefen tafkin Loch Ness, ma'ana tudun gada.

Masu bin labaran duniya za su tuna da Drumcree, kusa da garin Portadown a Ireland ta Arewa, inda daga 1995 aka shafe shekaru ana tayar da jijiyar wuya kan macin 'yan ƙungiyar Orange ta Furotesta ta cikin unguwar 'yan Katolika. Ana fassara sunan da tudun kan iyaka.

Rubutun da ake gani a yau na yawancin waɗannan sunaye ya daidaitu ne a lokacin gagarumin aikin safiyon da hukumomin Birtaniya suka yi a Ireland daga 1824 zuwa 1846, inda malamin harshe John O'Donovan ya bi ƙauyuka yana sauraron yadda tsofaffi suke furta su.

Sai dai ba kowane wuri mai suna Drum ne drumlin ba a ma'anar kimiyya. A wajen manomi, duk dogon tudu "droim" ne, ko ƙanƙara ta yi shi ko ba ita ba.

Daga gona zuwa littattafan masana

An fara ganin kalmar a rubutun kimiyya ne a 1833, a wata maƙala ta James Bryce, wani malamin makaranta a Belfast mai sha'awar nazarin duwatsu. Ya ji ta ne a bakin mutanen yankin, ya kuma rubuta ta yadda ya ji.

A wancan lokaci babu wanda ya kawo ƙanƙara a ransa. Masana da dama a Birtaniya, ciki har da William Buckland na Jami'ar Oxford, sun ɗauka cewa tarin laka da duwatsun da ke warwatse a ƙasarsu saura ne na wata gagarumar ambaliya, wadda wasunsu suka danganta da ruwan Ɗufana. Shi ma Bryce ƙarfin ruwa ya jingina wa tuddan.

A 1837 ne wani masani ɗan ƙasar Siwizalan, Louis Agassiz, ya tsaya gaban taron masana a garin Neuchâtel ya ce akwai zamanin da ƙanƙara ta rufe yawancin arewacin duniya. Hujjarsa ita ce irin ƙarzar da kogunan ƙanƙara na tsaunukan Alps suke yi wa duwatsu, wadda ake ganin irinta a wuraren da babu ƙanƙara a yanzu. A 1840 ya wallafa littafi kan batun, ya kuma zagaya Scotland da Ireland yana nuna alamomin. Buckland ya amince da shi, amma an ɗauki shekaru fiye da ashirin kafin sauran masana su biyo baya.

Mutumin da ya haɗa kalmar da ƙanƙara shi ne Maxwell Henry Close, wani limamin coci ɗan Dublin wanda ya rayu daga 1822 zuwa 1903. A wata doguwar maƙala da aka buga a 1867, ya nuna cewa tuddan suna kwance ne daidai da layin ƙarzar da ke jikin duwatsun kusa da su. Tun da ƙanƙara ce ta yi ƙarzar, to ita ce ta tsara tuddan. Da wannan ya zana taswirar hanyoyin da ƙanƙara ta bi a faɗin Ireland.

Close ya kuma taƙaita ma'anar kalmar. Daga lokacinsa, drumlin ya daina zama kowane ɗan tudu, ya zama tudun da ƙanƙara ta ƙera a ƙarƙashinta kaɗai.

A Amurka da Scotland an riƙa kiran tuddan da wasu sunaye, kamar bayan alade da bayan babban kifin teku, waɗanda su ma siffar baya suka duba. A 1884 William Morris Davis na Jami'ar Harvard ya rubuta maƙala ya yi amfani da kalmar Ireland, kuma daga nan ta danne sauran.

'Yan uwanta

Drumlin ba ita kaɗai ba ce ta bi wannan hanya. Akwai wasu kalmomi uku da ake yawan rikita su da ita, kuma dukkansu daga bakin mutanen karkara aka samo su.

"Esker" ta fito ne daga "eiscir" ta Irish. Dogon tudu ne siriri na yashi da tsakuwa, mai lanƙwasa kamar maciji, wanda kogin da ke gudana a ƙarƙashin ƙanƙara ya shimfiɗa. Mafi shahara shi ne Eiscir Riada, wanda ya ratsa tsakiyar Ireland daga wajen Dublin zuwa Galway. A kansa tsohuwar hanyar fatake ta bi don kauce wa fadamu.

"Kame" kalmar Scots ce mai nufin mataji. Tulin yashi ne mara tsari da ruwan narkewar ƙanƙara ya tara a wuri ɗaya.

"Moraine" kuwa daga manoman yankin Savoy na tsaunukan Alps ta fito, kuma Horace-Bénédict de Saussure na Geneva ne ya yaɗa ta a rubuce-rubucensa daga 1779. Tana nufin tarkacen da ƙanƙara take turowa a gabanta ko ta zubar a gefenta.

Bambancin drumlin da su shi ne sulɓinsa, da kuma yadda yake miƙewa a layin tafiyar ƙanƙarar.

Rayuwa a tsakanin tuddan

Ɗaya daga cikin manyan filayen drumlin na Turai ya ratsa arewacin Ireland, daga gundumar Down a gabas, ta Armagh da Monaghan da Cavan da Fermanagh da Leitrim, har zuwa gaɓar tekun Atlantika.

Tuddan sun toshe wa ruwa hanya, don haka tsakaninsu tafkuna ne da fadamu barkatai. Gonaki ƙanana ne, ƙasar laka ce mai riƙe ruwa, ta fi dacewa da kiwon shanu a kan noman hatsi. Hanyoyi kuma sai sun yi ta kewaye.

Masanin labarin ƙasa Estyn Evans na Jami'ar Queen's ta Belfast ya yi bayanin cewa wannan yanki ya daɗe yana zama shinge tsakanin lardin Ulster da sauran tsibirin. A watan Agustan 1598, a tsakanin irin waɗannan tuddai da fadamu ne dakarun Hugh O'Neill suka murƙushe rundunar Ingila a yaƙin Yellow Ford, arewa da Armagh. Iyakar da aka shata a 1921, wadda ta raba tsibirin gida biyu, mai tsawon kusan kilomita 500, ta ratsa wani sashe mai yawa na wannan yanki.

A inda teku ta taso ta shanye filin, kawunan tuddan ne suka zama tsibirai. Haka abin yake a mashigin Clew da ke yammacin Ireland, inda mutanen wurin suke cewa akwai tsibiri 365, ɗaya ga kowace ranar shekara, ko da yake ƙidayar gaskiya ba ta kai haka ba. Mawaƙin nan na ƙungiyar Beatles, John Lennon, ya sayi ɗaya daga cikinsu mai suna Dorinish a 1967.

Birnin Glasgow a kan tuddan drumlin aka gina shi, kuma jami'ar birnin tana kan ɗaya daga ciki. A Amurka, tudun Bunker da na Breed a Boston, inda aka gwabza da sojojin Birtaniya ranar 17 ga Yunin 1775, duk drumlin ne. Arewacin jihar New York, tsakanin Rochester da Syracuse, yana da kimanin dubu goma. A Kanada kuma, tsohon sansanin soja na birnin Halifax a kan drumlin yake.

Muhawarar da ba ta ƙare ba

Kowa ya yarda cewa ƙanƙara ce ta yi tuddan. Abin da har yanzu ake jayayya a kai shi ne yadda ta yi su. Matsalar ita ce aikin yana faruwa ne a ƙarƙashin ƙanƙarar da kaurinta kan kai kilomita biyu ko uku, inda ido ba ya kaiwa.

Wasu masana suna ganin tarawa ce, wato ƙanƙarar tana shafa laka a kan wani cikas, kamar yadda magini yake yaɓe, har tudu ya tashi. Wasu suna ganin sassaƙa ce, wato ta tarar da shimfiɗar laka ta kankare wurare masu taushi ta bar masu tauri.

A 1987 Geoffrey Boulton na Jami'ar Edinburgh ya kawo bayanin cewa lakar da ke ƙarƙashin ƙanƙara, idan ta jiƙa da ruwa, takan yi laushi ta riƙa malala tare da ita, tana kewaye wuraren da suka fi tauri. Kafin nan, a 1983, John Shaw a Kanada ya ce wata mahaukaciyar ambaliya ce ta ƙarƙashin ƙanƙara ta yi aikin cikin ɗan lokaci, ra'ayin da akasarin masana ba su karɓa ba. Daga ƙarshen shekarun 1990 kuma masana lissafi irin su Richard Hindmarsh da Andrew Fowler suka nuna cewa gogayyar ƙanƙara da laka kaɗai tana iya haifar da tuddai a jere, kamar yadda iska take yi wa yashi.

An samu ci gaba a 'yan shekarun nan. A 2007 masu bincike na hukumar Birtaniya mai nazarin Antatika suka ba da rahoton cewa, ta hanyar aika girgiza cikin kogin ƙanƙara na Rutford suna sauraron amsa-kuwwa, sun gano wani tudu mai tsayin mita 10 da faɗin mita 100 wanda babu shi a awon 1997 amma ya bayyana a na 2004. A 2010 kuma aka ba da labarin tuddai fiye da 50 da suka fito fili a gaban kogin ƙanƙara na Múlajökull a Iceland yayin da yake ja da baya.

Awon da aka yi da hotunan tauraron ɗan'adam ya kuma nuna cewa tuddai da yawa ba su da siffar cokalin da ke littattafan makaranta, domin gefensu biyu kusan daidai suke.

Wannan muhawara ba ta tsaya a zauren jami'a ba. Saurin da ƙanƙarar Antatika da ta Greenland suke zamewa zuwa teku ya dogara ne a kan abin da ke faruwa tsakanin gindinsu da ƙasar da suke kai. Ƙanƙarar Antatika kaɗai ta ƙunshi ruwan da zai iya ɗaga teku da kimanin mita 58, ta Greenland kuma kimanin mita 7. Duk wani hasashe kan makomar biranen gaɓar teku yana bukatar a fahimci wannan zamewa, kuma tuddan drumlin su ne shaidar da ta rage a fili ta yadda ta auku a baya.

Har a Sahara

Sawun ƙanƙara bai taƙaita ga ƙasashen sanyi na yau ba. Kimanin shekaru miliyan 445 da suka wuce, yankin da ya zama arewa da yammacin Afirka yana kusa da ƙuryar kudu ta duniya, kuma ƙanƙara ta rufe shi.

A duwatsun Tassili na Aljeriya, da kudancin Libiya, da Muritaniya, da tsaunin Djado a arewa maso gabashin Nijar, masana sun samu ƙarza da dogayen kunyoyi da suka zama dutse. Da dabarar da Close ya yi amfani da ita a Ireland suke karanta su, don gano inda waccan ƙanƙara ta dosa.

Harshen da ya ba da kalmar

A daidai shekarun da kalmar take shiga littattafan duniya, harshen da ya haife ta ja da baya yake yi. Yunwar da ta afka wa Ireland daga 1845 zuwa 1852 ta hallaka kimanin mutum miliyan ɗaya, wasu fiye da miliyan kuma suka yi ƙaura, kuma yankunan masu magana da Irish ne suka fi jin jiki.

Close da kansa yana cikin waɗanda suka damu da hakan. Ya tallafa wa ƙungiyoyin raya harshen, ya kuma bar wasiyyar kuɗi domin a rubuta babban ƙamus na tsohon Irish. An fara buga ƙamus ɗin a 1913, aka kammala a 1976.

A ƙidayar 2022 ta Jamhuriyar Ireland, kusan mutum miliyan 1.9 ne suka ce suna iya magana da Irish, amma kimanin dubu 72 ne kawai suke amfani da shi kullum a wajen makaranta. Tun 2007 yana cikin harsunan hukuma na Tarayyar Turai.

Ita kuwa kalmar drumlin, Faransanci da Jamusanci da Rashanci da wasu harsuna da dama sun karɓe ta yadda take, ba tare da sun fassara ta ba.